Layi Ɗayan da Ban Rubuta wa Kawu Ogweno ba

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunan Rungu. Na kwaɗa wa ƙanena muciyar tuƙa ugali, tuwonmu na masara, a ka, sai Mama ta fizge ta tana cewa, "Ci gaba. Rungu ɗaya bai ishe mu a dangi ba, ko?"

Rungu dai kulki ne. Sai daga baya na gane wanda ake kira haka yayan Mama ne ciki ɗaya, Kawu Ogweno, wanda ya shekara goma sha huɗu yana buga wa ƙungiyar wata masaƙa hoki, wasan ƙwallo da sanda, a nan Kisumu.

Kowa a unguwarmu yana da labarinsa. Ya zubar wa wani ɗan Nakuru haƙora biyu da sandar wasa. Ya bi alƙalin wasa da gudu har cikin motar haya. Sau uku ana dakatar da shi. Ba ƙarya aka yi masa ba, shi ma bai taɓa musu ba. Amma ban taɓa jin wanda ya ce ga yadda yake wasa ba.

Da na gama sakandare, hotunan dangi da takardun haihuwa duk suka dawo hannuna. Wata rana na je wurinsa neman hoton Kaka. Lokacin ƙafafunsa sun fara kumburi, yana facin taya a gindin mangwaro.

"Sakatariyar dangi," in ji shi. "Kin zo ƙirga haƙoran da na zubar ne?"

"Hoto na zo nema, Kawu."

"Hoto ba zai gudu ba. Ɗauko min tumatir, wanda ya fi nuna."

Ya jawo tsohuwar sandarsa ta hoki da aka naɗe da robar taya, ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da ita a ƙasa. Ya ce in gangaro tumatirin daga bakin ƙofa. "Da ƙarfi mana. Ko ba ki karya ba ne?"

Tumatirin ya taho yana tsalle a kan tsakuwa. Da ya iso sandar sai ya tsaya cak, ko tsagewa bai yi ba.

Ya ce mutum uku ke yin bugun kusurwa. Ɗaya ya turo ƙwallo daga layi, ɗaya ya tsayar da ita, na uku ya buga. A filin jar ƙasa irin nasu ƙwallo tana zuwa ne kamar kwaɗo, kuma a dokar lokacin in ba ta tsaya sosai ba, an yi asarar bugun. Shi ne mai tsayarwa. "Jarida kuwa na ukun kawai ta sani."

Ya rasu da damina, bayan shekara biyu. Aka ce ni zan rubuta tarihinsa, wanda za a buga a takardar jana'iza a karanta kafin a binne shi a ƙauyenmu na Seme. Na rubuta maganar tsayar da ƙwallo, sakin layi guda cur. Da na gwada karanta wa 'yan'uwana sai suka hau hamma, amma da na zo kan alƙalin wasa da motar haya har da masu riƙe ciki. Ba wanda ya ce in cire komai. Ni na soke wancan sakin layin da hannuna, na ƙara wa na haƙoran gishiri.

Ranar jana'iza aka yi ta dariya, har fasto yana share ido. Kuma na ji daɗi. Wannan ne ya fi damuna yanzu.

Ana rabon kifi da ugali wani tsoho mai dogara sanda ya tare ni. Ya ce sunansa Ondiek, shi ne mai bugawa a ƙungiyarsu.

"Ke ce marubuciyar?"

"Ni ce, Baba."

"Kin iya ba da dariya, 'yata." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Shekara goma jarida tana buga sunana. In Ogweno ya ajiye maka ƙwallo, ko kakarki za ta ci. Na ɗauka yau za a faɗa."

Takarda ɗari uku aka raba ranar. Suna nan cikin littattafan addu'ar mutane, kuma su ne jikokinsa za su karanta.

Abin da Baba Ondiek bai sani ba shi ne Kawu ya riga ya roƙe ni. A ranar tumatirin ne, bayan ya goge shi da rigarsa ya miƙo mini.

"Sakatariya, in na mutu ki bar wa mutane maganar haƙora, sun riƙe ta da kyau. Ke dai ki rubuta cewa na iya tsayar da ƙwallo. Layi ɗaya ma ya isa."