Shaame Mai Haƙar Tsutsa

Allah Ya jiƙan Shaame ɗan Vuai. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana haƙar tsutsar laka a bakin tekun ƙauyenmu, yana sayar wa masu fatsa su sa a ƙugiya. Bai taɓa mallakar jirgi ba. Jarinsa sanda ce mai tsini da ƙoƙon kwakwa.

Ga mahaƙa akwai wata ƙa'ida da suka gada. Duk ramin da mutum ya tona idan ruwa ya janye, wajibi ne ya mayar da shi: baƙar laka a ƙasa, farar a bisa, ya daddanne da diddige. Hikimar ita ce, a farar lakar nan ƙananan tsutsotsi da 'ya'yan jatan lande suke rayuwa, su ne kuwa abincin 'ya'yan gayogayo, kifin nan shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe guda. Nan suke kiwo har su yi ƙarfin shiga zurfi. In baƙar laka ta kwana a sama, wurin ya mutu.

Shaame ya riƙe wannan amana har gwiwoyinsa suka gaza. Daga nan ya riƙa tonawa yana wucewa, yana ce wa ransa ruwa zai cike.

Ruwa bai cike ba. Damina biyu gayogayo yana ƙaranci, har wani masunci, Pandu, ya zo taron dattawa bayan La'asar da ɗan kifi kamar yatsa, ya tsaga cikinsa a gabanmu. Babu kome a ciki.

"Baba Shaame," in ji Pandu, "kaburbura kake tona mana ne a bakin ruwa? Kifin ma ka sa shi azumi, ga shi ba watansa ba!"

"Kai, rufe min baki," in ji Shaame. "Da tsutsar wa ubanka ya kamo abin da ya yi maka wannan tumbin?"

Aka yi dariya kaɗan, ba ta yi nisa ba. Shugaban masunta ya ce, "Yaya, girmanka muke gani. Amma ko ka mayar da laka, ko ka bar mana fadamar."

A gida, matar Shaame, Mwanakombo, ta ce masa ya haƙura ya zauna, 'yarsu da ke aure a birni ba za ta bar su da yunwa ba.

"In zauna suruki ya ciyar da ni? Da sauran numfashina?"

"To je ka, ƙaguwa ta cinye ka."

Ya koma bakin teku. Tun da ƙafa ba ta iya dannawa, sai ya riƙa zama daɓas cikin laka, ya tona, ya mayar da lakar da hannu, ya ja gindi zuwa gaba. Wanda a da yake tona rami sittin kafin ruwa ya dawo, ya koma goma sha biyu. Masu fatsa suka koma saye wurin wasu, domin ba su iya jiransa.

Haka ya yi shekara uku, ba wanda ya sake ta da zancen korarsa. Nakan gan shi yana wanke laka a rijiyar masallaci kafin Azahar, ya daɗe yana wankewa, sa'an nan ya yi sallarsa a zaune a ƙarshen sahu.