Gorar Bahago

Duk wanda ya tashi a wajejen Ƙofar Kibo ya san Malam Idi Bahago mai gyaran rediyo. A 1984 aka kawo wa unguwa talabijin ta jama'a, aka kafa ta cikin akwatin ƙarfe a bakin filin da ake ƙwallo da langa. Waɗanda suka kawo ta suka ɗauki hoto suka yi gaba, ita kuwa ba ta nuna komai sai dishi-dishi. Bahago ne ya samo doguwar gora, ya ɗaura mata eriya, ya yi sati yana juyawa. Duk inda hoto ya fito tas sai ya sa wuƙa ya yi tsaga a jikin gorar, daidai wata ƙusa a bango. Tsaga ɗaya tashar Kaduna, biyu ta Kano, uku ranar da hadari ya haɗo.

Shekara tara yana wannan bauta. Shi ne share fili, shi ne raba faɗan 'yan ƙwallo, shi ne kashe talabijin da an kira Magariba, wanda zai yi fushi ya yi. Ba wanda ya naɗa shi, amma kowa ya san wurin Bahago ne.

Kwatsam sai ga wani kwamitin wasanni da shaƙatawa, wai za a ɗauki shugaban fili. Matarsa Sailuba ta wanke masa babbar riga, ya tafi intabiyu yana ganin magana ta ƙare. Mutum uku ya tarar a bayan tebur, ba wanda ya taɓa taka filin a cikinsu. Ba su tambaye shi benci nawa ne ba, ba su tambayi inda ruwa ke kwanciya da damina ba. Na tsakiyar ya duba takarda ya ce, "Malam, ka iya kwamfuta?"

Kwamfuta! Duk ginin nan guda ɗaya ce, tana can lulluɓe da ƙyalle, su kansu tsoron taɓa ta suke yi. Bahago ya ce bai iya ba, amma ya iya talabijin ɗin. Suka yi murmushin nan na raini, suka ce ya je zai ji.

Ya kuwa ji. Aka ba da aikin ga wani Jibril, mai difloma daga kwalejin Kongo. Jibril ba mugu ba ne, rashin sani ne ya yi masa katutu, ga shi ba ya tambaya. Aikinsa na farko shi ne tuge gorar, wai ta mai da wuri kamar ƙauye. Ya kafa bututun ƙarfe mai fenti, ya dasa shi da siminti yadda ko ƙato goma ba su juya shi. Bahago ya tsinci gorarsa a kwata. Ya kai ta gida, Sailuba ta tokare igiyar shanya da ita.

Ranar wani babban wasan ƙwallo, bayan La'asar, fili ya cika maƙil, talabijin ta koma dishi-dishinta. Jibril ya murɗa nan ya murɗa can, gumi ya jiƙa masa kwat. Da abin ya faskara sai ya zo da kansa ya yi sallama a zauren Bahago. Sailuba ce ta amsa daga ciki, ta ce a je a kunna kwamfuta.

Bahago ya rantse ba zai je ba. Amma daga tsakar gida yana jin filin ya yi tsit, filin da ya saba ɗaukar sowa. Shirun nan ne ya fi ƙarfinsa. Ya fizgi gorar, shanya ta zube ƙasa, ya fita ko takalmi babu.

Ya mayar da eriya kan gora, ya nemi tsaga ɗaya, hoto ya fito, fili ya kaure da ihu. Sai dai ramin da gorar ke zama siminti ya cinye shi. Dole ya tsaya bayan akwatin ya rungume ta, da ya motsa hoto ya tafi.

Da aka tashi, 'yan kwamiti suka yi ta jinjina wa Jibril, wai shugabanci ya yi kyau. Wani ya waiwayo ya tambayi Bahago ko ya ga ƙwallo ta biyun nan.

"Ban ga ko ɗaya ba," in ji shi. "Ina riƙe da gora."