Zirin Goggo Ba Zai Sha Feshi Ba

Damina tara ke nan muka yi babu Goggo Hansai. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Bulkachuwa bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ta bar duniya a irin wannan lokaci, gero yana bununi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ta san ni ina gyaran keke a Azare, ba ta ga ranar da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu ba. Da tana nan da ta yi mini dariya, sannan ta ce in rubuta abin da zan rubuta ɗin, kada in rage.

A gabashin gonar kakanmu akwai wani ziri da garma ba ta taɓa shiga ba. Faɗinsa bai kai a kira shi gona ba, amma ya bi iyakar tun daga hanya har bakin kududdufi. Tafasa ce a ciki, da lalo, da rama, da yaɗiya da ta hau kan anza, ga tumfafiya nan da can, sai lalle da zogale da Goggo ta dasa da hannunta. Kowa zirin Goggo yake ce masa. Daga nan miyarmu take fitowa a watan da rumbu ya yi ƙasa, daga nan kuma matan unguwa suke cika ƙwarya ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

In hantsi ya yi, raɓa ta bushe, sai malam-buɗe-littafi su cika wurin. Goggo ba ta san sunansu na makaranta ba, ni ma har yau ban sani ba, amma mun san kowane da gidansa. Masu ruwan ɗorawa suna wajen tafasa. Farare masu zanen baƙi a fiffike ba sa nisa da anza. Masu ruwan goro, waɗanda ƙarshen fiffikensu baƙi ne da ɗigon fari, a tumfafiya suke zuba ƙwai, tsutsarsu ta ci ganyen da ko akuya sai dole take taɓawa. Akwai kuma wani babba, baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya, da kan zo in lalle ya yi fure, ba ya zama sosai, yana sha yana kaɗa fiffike kamar mai sauri. In ka tsuguna ka yi shiru za ka ga bakinsu a nannaɗe kamar zare, su warware shi su zura cikin fure.

Da maganin feshi ya shigo ƙasarmu, mata suka fara tsoron ganyen daji. Ba ka sanin inda aka fesa jiya, ganye yana nan kore shar, sai an ci ciki ya ɗauka. Goggo ce ta kafa musu doka, dokar kuma ta bi gari: kada mace ta tsinki ganye sai ta tsaya ta duba. In malam-buɗe-littafi suna sauka suna tashi, ga tsutsa tana cin ganye, to a tsinka. In wuri ya yi tsit, ganye sumul babu ko huda ɗaya, a wuce. Takan ce, "Abin da ƙwaro ya ƙi, ni ba zan ba jikokina ba." Ban ce hujja ce ta likita ba. Na dai ce da ita aka ci kwaɗon tafasa shekara da shekaru a unguwarmu da kwanciyar hankali.

Da aka raba gado, zirin ya faɗo cikin rabon mahaifina, ya zama nawa. Gonar da ke jikinsa ta Goggo ce, yanzu tana hannun ɗanta, Alhaji Sale. Ni da shi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tun muna yara duk abin da ya faɗa mini wasa ne, ba a fushi. Allah ya buɗa masa a harkar riɗi, ya sayi gonakin da ke ɗaya gefen nawa, ya zama zirin nan ne kaɗai ya tsaya a tsakiya, tarakta sai ta kewaya. Abin da yake so shi ne in bari a nome shi, a fesa, a haɗe gonakin, in ya so a ba ni rabona a kaka.

Ba ya zuwa da faɗa. Da wasa yake zuwa, har rumfata a Azare.

"Ina makiyayin ƙwari? Garken naka ya sha ruwa yau? Wai nonon nasu ake tatsa ko kiwon layya kake?"

Mutanen rumfa su yi ta dariya, ni ma in yi. Na daɗe ina dariyar nan.

Bara ne dariyar ta ƙare. Masu feshinsa suka shiga da injin goyo ranar da iska take kaɗawa ta wajena, suka kuma wanke injinan a bakin kududdufi. Da na je ƙarshen mako, rabin zirin ya yi ja kamar an bi shi da wuta, sauran kuma ya yi tsit, babu malam-buɗe-littafi ko ɗaya. Ina tsaye sai ga Iya Falmata, wata dattijuwa da mutanenta suka zo daga Yobe tun kafin a haife ni, ƙawar Goggo ce, jikoki marayu take riƙo. Ta tsaya da ƙwaryarta tana dube-dube, ta daɗe. Akwai sauran tafasa kore a gefe, amma ba ta miƙa hannu ba.

"Ɗan Hansai," ta ce, "baƙin naku sun tashi."

Ta kife ƙwaryar a ka ta juya. Na san abin da ke gidanta a watan nan, na kuma san ba ta da wani wurin zuwa, domin daga nan har hanyar Azare babu gefen gonar da bai sha magani ba.

Me Goggo za ta ce da ta ga wannan? Na sha tambayar kaina. Ba za ta zagi riɗi ba, mace ce mai son ɗanta ya samu. Ba za ta ce a daina feshi a duniya ba, ta san wahalar noma da fartanya, bayanta ya lanƙwashe a kanta. Ina jin tambaya ɗaya za ta yi: duk faɗin ƙasar nan, ba za a bar wa miya ko taku kaɗan ba? A da talaka yana da daji. Yau gefen hanya ma an fesa, wanda ba shi da gona ba shi da ganye.

Da dangi suka taru a kan maganar, aka ce in yi haƙuri, taubashi ne, kuskuren yara ne. Alhaji Sale ya ce, "Yanzu dai garken ya watse, sai ka sallama mana makiyayar." Aka fara dariya.

Na ce, "Alhaji, tunda wasa ne tsakaninmu, bari in yi nawa. Jikin nan naka da ya cika babbar riga, da tafasar zirin nan aka gina shi. Ka fesa naka yadda ka so. Nawa kuwa, ko tarakta za ta shekara tana kewaya shi, sai dai ta kewaya."

Ba wanda ya yi dariya. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma abin yana damuna, don ɗan Goggo ne. Amma ban janye ba, ba kuma zan janye ba.

Da rani na kafa shingen lalle da zogale a gefen zirin, ina ɗebo ruwa a jarka a bayan keke. Na watsa irin tafasa da rama da aka yi ruwan farko. Na gaya wa masu feshin, cikin mutunci, duk ranar da za su shiga zan zo in tsaya, in iska tana kaɗowa wajena sai su jira. Sun jira, suna gunaguni. Alhaji ya aiko cewa baɗi zai sake tayar da maganar. In ya tayar, ina nan.

Goggo ba ta bar gida na siminti ba, ba ta bar shanu ba. Ta bar wa matan unguwa hanyar gane ganyen da ba zai cuce su ba, hanyar kuma ba ta aiki sai da wurin da masu fiffiken nan za su sauka. In zirin ya tafi, dokarta ta bi shi.

Makon jiya na je da hantsi. Masu ruwan ɗorawa sun dawo kan tafasa, ba su kai na da yawa ba, na kuma ga tsutsa a tumfafiya. Iya Falmata tana bakin shinge, ta tsaya tana dubawa yadda ƙawarta ta koya mata. Sannan ta sauke ƙwaryar daga kanta, ta sunkuya ta fara tsinka.