Raɗar Kawu Hammadu da Ta Kai Fatakwal

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu a unguwar Lokuwa, cikin Mubi, da hantsi ya san Kawu Hammadu mai gyaran rediyo ba sauraron labarai yake yi ba, musu yake yi da su. Zai kafa teburinsa a gindin dogonyaro, ya jera tsofaffin batiransa a rana wai su sha ƙarfi, ya kunna rediyon nan nasa mai ɗaurin robar taya, ya gyara zama kamar alƙali. Mai karanta labarai na cewa masana kimiyya sun gano kaza, Kawu zai nuna rediyon da sukundireba ya ce, "Ƙarya kake!" Idan bawan Allah ya ci gaba da bayani, sai ya murɗe shi ƙit. "Je ka yi tunani," in ji shi. Bayan minti biyar ya sake kunnawa, ya tarar an shiga labarin ƙwallo, sai ya dube mu yana washe baki: "Kun gani? Ya ji kunya, ya canza magana."

Ni ɗan yayarsa ne, kuma na fi shekara talatin ina goge bencin nan nasa da wandona. Tun ranar sadakar arba'in ɗinsa mutane ke tare ni a hanya, wai da gaske ne Kawu ya yi magana a wayar salula kafin ya rasu? Da gaske ne, jama'a. Sau ɗaya tak, kuma ni na danna masa. Ya yi ne saboda jikarsa da ta kai kwana shida a duniya babu suna. Amma kafin mu kai can, bari in tuna muku irin mutumin da muka yi fama da shi.

Ranar da aka ce an ga alamun ruwa a duniyar Mars, har ana tunanin wata rana mutane su koma can da zama, Kawu bai ko ɗago daga rediyon da yake farkewa ba.

"Wa ya ɗanɗana?"

Na ce, "Kawu, na'ura suka aika ta ɗauko hoto."

"To, a ce akwai ruwan. Inda ruwa ya kwanta me ke biyo baya?"

"Noma, Kawu."

"Sauro, sakarai! Kuma sauron da bai taɓa ganin mutum ba tun da aka halicce shi. Ka san irin yunwar da yake ji? Ku je, Allah ya kiyaye hanya. Ni ina nan da na Lokuwa, mun san juna, ya san inda yake cizo, na san inda nake mari."

Da labarin mota mai tuƙa kanta ya zo kuwa, har sai da ya miƙe tsaye. Ya ce a kawo ta nan Mubi da damina, a ɗora ta a hanyar Duvu, a loda mata buhun masara goma sha biyu da fasinja tara da tunkiya, sannan a zo a ba shi labari. Na ce ai an ce tana da ido ta ko'ina, ba ta karo. Ya ce, "Akuyar Mugulbu fa? Akuyar da ita kanta ba ta san inda za ta ba, mota ce za ta sani? To ta kaɗe ta. Wa zai sauko ya cire hula ya ba mai akuya haƙuri? Ko taya ce za ta durƙusa?" Wallahi har yau ban sami amsar wannan ba, kuma na tambayi masu digiri.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kai Kawu ƙasa, shi ma ba da bakinsa ba. Malam Zira maƙwabcinmu, mai koyarwa a sakandare, ya zo wata rana yana rawar jiki da wayarsa, ya ce, "Baba, yanzu akwai wani abu cikin waya, ya san komai. Ka tambaye shi ko mene ne, zai ba ka amsa."

Kawu ya ja kujerarsa baya, don ko kusa da waya ba ya son numfasawa. Ya ce, "Kai ka rubuta masa, ni ba na magana da baƙo. Tambaye shi, in rediyo ya shiga ruwa, me za a fara yi?"

Malam Zira ya rubuta, abin ya jero bayani, a cire batir, a shanya, kada a kunna.

"Ce masa ƙarya yake!"

Malam ya rubuta. Ya karanto amsa: wai a yi haƙuri, mai yiwuwa ya yi kuskure, kuma yana son ya ƙaru da ilimin Kawu.

Kawu ya yi turus. "Ce masa ko batir bai iya riƙewa ba, balle ya koya wa wani."

Amsa ta dawo: wai gaskiya ne, shi ba shi da hannu, kuma ya gode da gyara.

"Ce masa ba shi da tarbiyya!"

Wai ya ba da haƙuri idan ya ɓata wa Kawu rai.

Jama'a, na ga Kawu ya yi musu da direbobi, da mahauta, da wani mai wa'azi har aka kira salla biyu, ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi irin ta ranar ba. Ya ajiye sukundireba a hankali ya ce, "Malam Zira, ɗauke abin nan daga gabana. Shekara hamsin ina neman wanda zai ce mini na yi gaskiya. Yau na samu, kuma babu daɗi ko kaɗan."

Asalin gabarsa da waya dai tsohuwa ce. Cewa yake abin da aka manne shi ruf, babu noti ko ɗaya da mutum zai kwance ya leƙa, to akwai abin da yake ɓoyewa. Amma abin ya zama yaƙi ne ranar da rediyo ta ce yanzu akwai na'urar da in ta ji muryar mutum kaɗan, za ta kwaikwaye ta tsaf, ta faɗi abin da bai faɗa ba. A karon farko a tarihi Kawu bai ce ƙarya ba ne. Ya kashe rediyon, ya shiga gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya tsaya a kan matarsa Goggo Asta tana tankaɗe.

"Asta! Ko da wasa kika ji muryata a waya na ce na sake ki, ba ni ba ne!"

Goggo ba ta ko ajiye rariya ba. "Su masu na'urar a ina suke? A ba ni lambarsu."

Daga ranar, in ka zo bencinsa da waya a aljihu, sai ka ajiye ta a cikin wani tsohon gwangwanin madara ka rufe. In ta yi ƙara a ciki, sai ya sa yatsa a leɓe, duk mu yi tsit kamar ɓarayi.

To, ana cikin haka aka yi wa ɗansa Sa'idu haihuwa a Fatakwal, inda yake aikin walda. Kun san Sa'idu, shekararsa goma sha ɗaya da aure shiru, sai ga 'ya mace. Kun kuma san dokar gidan: duk jikan da aka haifa, Kawu ne ke zaɓar suna, shi ke raɗa shi a kunnen jariri, kuma babu mahaluƙin da zai ji sai safiyar suna. Jikoki goma sha huɗu ya yi wa haka, ko Goggo ba ta taɓa jin ɗaya kafin lokaci ba, duk da ta gwada shi da dambun nama. Sa'idu ya yi wa yarinya kiran salla a kunne ranar da aka haife ta, amma ya rantse suna sai na bakin Babansa.

Na ce, "Kawu, ga waya, minti ɗaya an gama."

"A'a."

"To faɗa mini, in faɗa wa Sa'idu."

"Kai? Kai da in ka ji magana a Lokuwa da safe, kafin azahar ta isa Yola? Kunnen yarinya ne zai fara ji."

"Rubuta a takarda."

"Jaririya ta iya karatu?"

Kwana uku, kwana huɗu. An sayi rago a can, mata sun fara soye-soye, yarinya ana ce mata "Baƙuwa". Sa'idu na kirana sau goma a wuni. Ran kwana biyar Kawu ya ɗaure kayansa a jaka ya ce Fatakwal za shi. Lokacin ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki zuwa gindin dogonyaro ma sai ya huta a zaure. Na san ba a hana shi, sai na tare keke napep na kai shi tasha. Ya kama ƙofar mota, ya ɗaga ƙafa, ta ƙi. Ya sake ɗagawa, ta ƙi. Ya tsaya riƙe da ƙofar nan yana kallon matakalar, fasinja na jira. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Motocin yanzu an cika musu tsawo. Mu koma."

Da keken ya shigo layinmu, sai ya nuna aljihuna. "Abin nan naka, da gaske ana ganin mutum a ciki?"

"Ana gani, Kawu."

"Gobe da hantsi."

Wayyo, shirin da aka yi! Ya yi wanka da sabon sabulu, ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, ya zazzage rabin kwalbar turare. Na ce, "Kawu, ƙamshi fa ba ya wucewa ta waya." Ya ce, "Ka taɓa shiga ka shinshina?" Sannan ya sanar cewa zai toshe hanci ya yi magana, don in ɓarayin murya sun sata, su saci ta banza. Goggo ta ce, "Haka ne, yarinya ta tashi da sanin agwagwa ce ta sa mata suna." Ya saki hancin.

Na kira Sa'idu ta bidiyo, na ce ya kawo wayar daidai kunnen jaririya. Sai ga ɗan kunne ja ya cika gilashin. Kawu ya yi sallama, ya karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙa masa garwashi, sannan ya kore mu. Ni, da Malam Zira, da maƙwabtan da suka zo kallon abin al'ajabi, duk ya tura mu ƙofar gida. Goggo ma ya ce ta bi mu, ta janyo ƙyaure. Har kaji ya sa aka kora daga tsakar gida.

Abin da bai zo masa a rai ba shi ne ɗakin can na Fatakwal. Shi a ganinsa, abin da ke cikin gilashi shi ne iyakar abin da ke akwai: kunne ɗaya, shi kaɗai. Bai san mata 'yan barka sun fi ashirin a ɗakin ba, an jeru har kan gado, kuma Sa'idu ya buɗe lasifika saboda layin ba kyau.

Muna tsaye a waje, mun kasa kunne. Can muka jiyo muryar Sa'idu daga wayar: "Baba, ya yanke, sake faɗa!" Shiru. "Baba, ɗaga murya kaɗan, ko motsin bakinka ba ta ji ba!" Shiru. "Baba, har yanzu..."

"FADIMATU! Na ce FADIMATU! Kurma ce?"

Tattabarun gidan Malam Zira suka tashi. Mai kifi a bakin titi ya waiwayo. Sannan guɗa ta ɓarke daga cikin wayar, guɗar mata ashirin, ta fito tun daga Fatakwal ta cika tsakar gidanmu. Malam Zira ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ni kuwa na dafa bango, hawaye na zuba, ina cewa yau na shiga uku, sirrin jikoki goma sha huɗu ya tashi a kaina.

Na juya in ga yadda Goggo ke dariya, sai na ga ta rufe baki da gefen mayafi, ba dariya take ba. A nan na tuna. Fadimatu sunan mahaifiyar Kawu ne, kakata. Dada muke ce mata, Dada yake ce mata, kuma tunda nake ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin Kawu ba. Ko wata Fadimatun ce ta kawo gyaran rediyo, "mai sunan Dada" yake kiranta.

Na ba shi minti goma ya huce, sannan na shiga ina shirin shan sukundireba a ƙeya. Na same shi zaune a bakin gado, babbar riga ta baje, ya kwantar da wayar a kan hannunsa na hagu, ya tallafe ta da na dama, yana ɗan jijjigawa. Sa'idu ya ja wayar baya, yanzu duk fuskar yarinyar ta fito. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya harare ni.

"Yi a hankali, ɗan banza," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ta yi barci."

Haka ya zauna har cajin ya ƙare. Wata huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa, saura mako biyu Sa'idu ya kawo ta gida. Da suka zo gaisuwa, a kan gadon nan Goggo ta kwantar da ita.

Allah ya jiƙan Kawu Hammadu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da Dadarsa a gidan rahama. Ita kuma Fadimatu, Allah ya raya ta, ya ba ta tsawon rai har ta ji wannan labari da kunnen nan nata. Amin.