Langa Ta Dawo da Nauyi

A shekarun da kuɗin mai ya cika aljihun gwamnati har ta rasa inda za ta kai shi, ni ma aka turo ni London kwas, na taho da maiɗakina da yaranmu biyu. Muka kama haya a Catford, hawa na uku. Ni kullum ina makaranta. Ita kuwa, matar da ta tashi a gida mai faffaɗan tsakar gida a Zariya, sai ga ta tsakanin bango huɗu tana leƙen titi ta taga.

Muna tarewa ta yi abin da duk 'yar mutunci ke yi a sabon wuri: ta dafa shinkafa da miya, ta zuba a langa, ta kai wa maƙwabtanmu na ƙasa. Washegari muka tarar da langar a bakin ƙofa, an wanke ta tas, babu komai ciki, ko ƙwanƙwasawa ba a yi ba. A wurinmu kwano ba ya dawowa haka, ko goro ne sai an jefa. Na ce mata rashin sani ne, ba wulaƙanci ba. Ta ce ta ji. Amma daga ranar ta ɗora langar saman kabad, daga baya kuma ta fito mini a mutum: kafin sanyi ya sake zagayowa za ta kwashe yara ta koma gida, in ƙarasa kwas ɗina ni kaɗai. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ban ga yadda zan zauna garin nan babu su ba.

Wani Bature abokin karatuna ne ya ara mini tanti, ya ce akwai fili cikin itatuwa a Abbey Wood inda iyalai ke zuwa su kwana biyu su sha iska. Da na kawo maganar, ta dube ni kamar na zare. Macizai fa, ɓarayi fa, ina za a kewaya, ina za ta yi alwala, kuma me za a ce a Zariya in aka ji mun hau jirgi mun zo Ingila kwanan bukka?

"Ai na riga na yi booking," na ce.

"To a yi cancel."

Yara ne suka ci ƙarfinta da magiya.

Muna isa rabin tsoronta ya zube. Ga famfo, ga banɗakin mata daban mai ƙofa da sakata, mai gadin wurin kuma ya ce tun da ya kama aiki bai taɓa ganin maciji ba. Ni gwanin da ya kawo shawara na tsaya kokawa da tanti, in kafa nan can ya faɗi. Kafin in gama ta ciro zannuwanta na atamfa, ta ɗaura igiya daga bishiya zuwa bishiya, ta kewaye gaban tantin. Ta yi shara, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye buta a kusurwa, ta kunna risho. Sai ga tsakar gida ya tashi a cikin London. Na tsaya ina kallonta, wallahi na yi alfahari da matar nan. Rabon da in ji tana waƙa tana yanka albasa tun Zariya. Yaran da kullum ake kwaɓa kar su yi tsalle saboda maƙwabtanmu na ƙasa suka yi ta gudu har barci ya kwashe su tun magariba, sanyin da muke tsoro kuma bargo ya yi maganinsa.

Washegari da rana ta yi dafa-duka. Tantin da ke kusa da namu na wata tsohuwar Baturiya ne da mijinta, waɗanda tun isowarmu suke satar kallon zannuwan. Sai na ga maiɗakina ta buɗe jaka ta ciro langar nan. Ban san ta taho da ita ba. Na san in langar ta sake dawowa wayam, magana ta ƙare. Ta zuba, ta rufe, ta kai da kanta.

Har la'asar shiru. Ta idar da salla tana zaune kan tabarma, sai muka ji murya daga bayan zane. Tsohuwar ce, ta tsaya a waje tana neman izini, ba ta ɗaga zanen ba. Langar na hannunta, cike da wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace da ake tsinka cikin ƙaya, yatsunta duk sun rine. Ta ce uwarta ta koya mata ba a mayar da kwanon mutane babu komai, sannan ta roƙi a nuna mata yadda ake shinkafar nan.

Maiɗakina ta karɓa hannu biyu, ta matsa mata wuri a tabarma. Bayan baƙuwar ta tafi, ta daɗe riƙe da langar a cinya, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Baban yara, tantin nan na aro ne ko? Ka nemo mana namu kafin baɗi."