Sabo Makaniki da Kujerar da Ya Ƙi Bari

Shekara bakwai ke nan cif da muka raka abokina Sabo makwancinsa, a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan gari a jihar Maryland ta ƙasar Amurka. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai kuma in ajiye. Dalili kuwa, abin da ya fi tsaya mini a rai game da Sabo abu ne da muka saɓa a kai, har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu daidaita ba.

Sabo mutumin Kano ne. A Ƙofar Ruwa ya koyi gyaran mota, ya zo ƙasar nan da ƙuruciyarsa, ya yi shekaru yana yi wa wasu aiki kafin ya buɗe ɗan garejinsa a Upper Marlboro. Ni kuwa aikin rediyo ne ya kawo ni Washington. Wata tsohuwar motata mai yawan laulayi ce ta haɗa mu, daga nan zumunci ya ƙullu, har 'yarsa Hadiza ta tashi tana kirana Baffa.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu sauran Hausawan yankin ƙwallon ƙafa ce abin hirarmu, shi kuwa Sabo tseren motoci ne ya shiga ransa. Irin tseren nan ne na motoci masu ƙirar motar gida, waɗanda aka ƙara wa inji ƙarfi, su yi ta zagaya fili mai siffar ƙwai har sau ɗaruruwa. Ni ban taɓa ganin abin sha'awa a ciki ba. Shi ko da kunne yake kallo. Yana zaune gaban talabijin sai ya ce, "Waccan mai launin ruwan goro ba za ta kai ƙarshe ba, ji yadda injinta ke shaƙewa." Kafin a jima sai ka ga hayaƙi ya turnuƙe ta.

Sai dai wasan yana da masu shi, ko in ce masu ganin nasu ne. Mafi yawan 'yan kallonsa a lokacin fararen fata ne na ƙauyukan Kudu, kuma da yawansu kan zo da wata tuta ja mai gicciye da taurari. Tutar mutanen da suka yi yaƙi ce a zamanin da, don a bar su su ci gaba da bautar da baƙaƙen fata. Masu ɗaga ta kan ce gadon kakanni ne kawai. Wani maƙwabcin Sabo, baƙar fata ɗan asalin nan, ya taɓa ce masa, "Kai baƙo ne, shi ya sa kake ganin ƙyalle. Mu mun san abin da take faɗa." Sabo ya saurare shi da ladabi, mako na zagayowa ya sayi tikitinsa.

Sau ɗaya na taɓa bin sa. Wata Asabar ce cikin zafi, Hadiza tana da shekara goma sha ɗaya. Ta dame shi da roƙo har ya yarda zai je da ita, ni kuma mahaifiyarta, Hajiya Rabi, ta ce in daure in raka su. Muka yi tafiyar kusan awa biyu zuwa wani fili a cikin jihar Virginia. Tun daga bakin hanya na fara ganin tutar nan, a bayan a-kori-kura, a jikin riguna, har a kan laimar masu gashin nama. Na duba gabas na duba yamma, baƙaƙen da na gani ba su wuce masu kwashe shara ba. Ga mu nan mu uku, ga yarinya da ɗan hijabinta fari.

Azahar ta yi kafin mu shiga. Na ce wa Sabo mu bari mu haɗa da La'asar in mun fita. Ya ce ina, ya ɗauko darduma daga bayan mota ya shimfiɗa a gefen taya. Muka yi sallarmu. Ina sujada ina jin dariyar wasu mutum uku da ke zaune a bayan wata a-kori-kura suna shan giya. Da muka sallame na ga babbansu, wani ƙato mai jan wuya, yana nuna motarmu da baki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan Laraba ba ta yi mini kyau ba.

Kamar da gangan, kujerunsu suka faɗo layi biyu a bayan namu. Aka fara tsere. Ƙarar injuna ta cika wurin har ƙirji na amsawa, Hadiza tana tsalle, ubanta yana nuna mata yadda ake canza taya huɗu kafin ka ƙifta ido. Can sai na ji ɓawon gyaɗa a ƙeyata. Na share. Aka ƙara. Duk lokacin da motocin suka yi nisa ƙarar ta lafa, sai muryar ƙaton nan ta fito, yana tambaya wai me muka ɓoye a jaka, wai jirgin komawa gida ya bar mu ne. Akwai wata kalma da ya faɗa wadda ba zan sa a jarida ba. Mutane sun kai ɗari a kewayenmu, kowa ya ji, kowa ya kafe idonsa a kan fili kamar an ɗaure masa wuya.

Sai gwangwanin giya ya sauka a kafaɗar Hadiza, da sauran abin a ciki. Ya jiƙa mata hijabi har baya. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta daskare ne kawai.

Na kama hannun Sabo na ce, "Tashi mu tafi. Yanzu."

Ya ce, "Saura zagaye arba'in."

"Sabo, da yarinya muke!"

Ya miƙe, ya juya ya fuskanci mutanen nan. Sabo ba dogo ba ne, amma damtsensa na mai ɗaga inji ne. Da Turancinsa mai ƙanshin Kano ya ce wa ƙaton, "Yarinya ka jefa. In da magana, ga ubanta." Ƙaton ya miƙe, abokansa biyu suka miƙe. Na tuna a jihar nan mutum kan yi yawo da bindiga a ƙugu ba wanda zai tambaye shi. Na kalli ƙugunsa, rigarsa ta rufe, ban iya gane komai ba. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka suna kallon juna ba, a wurina dai ya fi shekara.

Wani mai gadi ne ya hawo. Ya ji ta bakin kowa, ya kalli hijabin da ke ɗigar giya, sannan ya juyo gare mu, ba gare su ba. Cikin taushin murya ya ce akwai kujeru can ƙasa, in mun koma can za mu fi samun kwanciyar hankali. Sabo ya zaro tikitinsa ya nuna masa lambar, ya nuna lambar da ke jikin kujera, ya zauna. Mai gadin ya ɗan tsaya, ya ce wa mutanen su sassauta, ya sauka. Haka muka ƙarasa zagaye arba'in ɗin nan. Ban ga mota ko ɗaya ba, bayana nake saurare.

Da aka tashi muka tarar da tayoyinmu biyu a kwance, an farke su da wuƙa. Safaya ɗaya gare mu. Sabo ya cire rigarsa ta sama, ya kafa jak, ya hau aiki. Motoci suna ta wuce mu, wurin yana raguwa, ni kuwa ina ta waige ko mutanen nan za su dawo. Sai ga wani tsoho fari ya mirgino taya daga motarsa ya jingine a jikin tamu. Na gane shi. Shi ne wanda ke zaune dab da bayanmu tun farko, shi da matarsa. Ya ce girmansu ɗaya, mu sa, ba sai mun dawo da ita ba.

Sabo ya duba tayar, ya duba tsohon, ya ce, "Na gode. Amma ɗazu da kana da baki, da ya fi mini tayar." Tsohon ya sunkuyar da kai, fuskarsa ta yi ja. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ranar na ga ma'anar maganar da idona.

A hanyar dawowa, da na tabbata Hadiza ta yi barci, na sauke masa abin da ke cikina. Na ce ya sa ran 'yarsa a caca saboda taurin kai. Na ce mu baƙi ne, abinci muka zo nema, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "In na tashi yau, na koya mata tashi ke nan. Gobe a makaranta a ce ta tashi, ta tashi. Jibi a wurin aiki. A nan aka haife ta, Malam. Ni ina da Kano, ita ina za ta?" Na ce mai rai ne ke da gobe da jibi.

Mun yi wata huɗu ba ma neman juna. A filin Idi muka haɗu, muka rungumi juna, aka bar kaza cikin gashinta. Daga baya na ji cewa Asabar ta gaba ya koma filin nan shi kaɗai, ya nemo tsohon ya mayar masa da tayarsa. Wai daga ranar kusa da juna suke zama, suna musun injuna, shekara da shekaru. Tsohon bai taɓa ba shi haƙuri a fili ba, Sabo kuma bai taɓa gayyatarsa gida ba. Ban ma san ko tsohon ya sami labarin rasuwar ba, domin ciwon zuciya ne ya ɗauke Sabo farat ɗaya yana tsakiyar aiki a gareji.

Da Sabo zai leƙo yau, me zai ce? Bai ga ranar da masu shirya babbar gasar suka hana shiga fili da tutar nan ba. Bai ga baƙar fata ya ci tsere a sahun manya a zamaninmu ba. Na san da ya kira ni ya ce, "To, Malam, ka gani?" Ni kuma da na ce masa ya buɗe wayarsa ya karanta irin zagin da ake yi wa wannan direban duk mako. Da na nuna masa yadda tutar da aka kora daga ciki ta koma bakin titi tana jiran masu fitowa. Doka takan sauke ƙyalle daga kan sanda, abin da ke cikin ƙirji kuwa ba ta da hannun da zai kai can.

Ba da ka nake faɗa ba. A bana Hadiza ta kira ni. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Fort Washington. Ta ce za ta je kallon tsere, mijinta yana aiki, ko zan raka ta. Na so in kawo uzuri, kunya ta hana ni. Muka je. Na ga iyalai baƙaƙe, na ga masu magana da Sifaniyanci, har da wasu mata biyu masu lulluɓi ban da ita. Na kuma ji ihun ƙyama da ya tashi daga wani ɓangare lokacin da aka kira sunan direban nan baƙar fata, ya fi na kowa ƙarfi. Wani a layinmu ya daɗe yana kallon hijabinta. Ta kalle shi ido cikin ido har ya kau da kai.

Da ƙarar ta lafa na tambaye ta abin da na shekara ashirin ina son tambaya. Da tana ƙarama da Turanci take amsa mini, yanzu Hausarta ta nuna. Na ce, "Ranar nan, ba ki ji haushin Babanki ba?"

Ta ce, "Na ji, Baffa. Na yi shekara biyu ina mafarkin mutumin nan. Har yau in na shigo wuri irin wannan sai na fara duba ƙofar fita." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma akwai abin da ba ka gani ba. Da Baba ya zauna, ya riƙe hannuna a ƙarƙashin jaka. Hannunsa rawa yake yi kamar mai zazzaɓi, har aka gama tseren. Bai so ka gani ba."

Duk shekarun nan na ɗauka Sabo bai san tsoro ba, shi ya sa nake ganin laifinsa. Ashe tsoronmu ɗaya, ni nawa ya ce mini tashi, shi nasa ya danne ya zauna a kai. Har yanzu ban ce ya yi daidai ba. Da akwai bindiga a ƙugun mutumin nan, da wani labarin nake rubutawa yau, kuma wahalar da yarinyar ta sha ba ƙarya ba ce. Garejin an sayar, kayan aikinsa sun watsu a hannun mutane. Abin da ya rage na Sabo mace ce 'yar shekara talatin da ɗoriya, mai duba ƙofar fita in ta shiga wuri, ta gan ta sarai, ta wuce ta nemi kujerarta. Allah Ya kai haske kabarinka, Sabo. Ranar da muka je da 'yarka, sai da aka kammala zagaye na ƙarshe na tashi.