Ranar da Na Kai Kwamfuta Gaban Manoman Albasa

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da abokiyar aikina da direbanmu. Kwamfutar tana cikin jaka a kan cinyata, na rungume ta kamar jinjiri. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba, wanke kai za mu je yi.

Ga waɗanda ba su san aikina ba: muna zuba wa kwamfuta bayanan ruwan sama, da zafi, da wuraren da ruwa ke kwanciya, da gidajen da ke da gidan sauro, ita kuma ta kwaikwayi yadda zazzaɓin cizon sauro zai bi gari. Sai ka ga taswira, jajayen ɗigo suna tsirowa suna yaɗuwa. Kwanakin baya ta nuna mana cewa a ƙauyukan da ake noman rani, zazzaɓi ba ya sauka bayan ɗaukewar damina. An faɗi haka a wani taro, magana ta bi baki, kafin ta isa ƙauyen Kashin Zama ta koma wai kwamfuta ta ce a hana ban ruwan albasa. Mutanen garin suka yi rantsuwa ba ma'aikacin lafiyar da zai sake taka musu zaure, alhali a makon ne za a raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi. Abin da ya ƙara ɗaure ni, garin mahaifiyata ne, kuma wanda ke gaba a wannan bore kawuna ne, yayanta.

Hanyar Jega ba laifi, in ka cire ramukan da damina ta bari. Gero ya nuna, an fara yanka, shinkafa kuma ta yi shar a fadama. Mun shiga Jega rana na fitowa, tireloli sun toshe bakin tasha, 'yan acaɓa na kutsawa ta inda ko akuya sai ta yi tunani. Muka karya da waina da miyar taushe wajen wata dattijuwa. Direba ya yi ƙorafin cewa waina ta rame kuɗinta ya yi ƙiba, ita kuwa ta ce ya je ya tambayi masu sayar da mai da shinkafa. Ni dai guda biyu na iya haɗiyewa.

Aliero kuwa hanci ke fara sanar da kai ka iso. Ko da ba lokacin kakar albasa ba ne, ƙamshinta ya kama garin, ga rumbunan kara jere a bayan gari, ga masu iri sun baza shi a bakin titi ana ciniki, domin lokacin dashe ya matso. Ganin haka na ƙara fahimtar zafin mutanen. Da albasar nan ake aure, da ita ake suna, da ita ake zuwa Makka. Daga nan muka sauka titi muka bi hanyar laka, motar tana rawa, ni ina kare jaka da ƙirjina.

Da hantsi muka isa Kashin Zama. An riga an taru a gindin wata bishiya kusa da makarantar firamare, ba mai murmushi. Na durƙusa na gaida Kawu. Ya amsa a taƙaice, bai tambayi mahaifiyata ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Ashe kai na da na'urar da munka ji labari?" in ji shi. "To hwaɗa muna, albasa ka cizon mutum ko sauro?"

Na ce, "Sauro ne, Kawu. Ku ba ni dama ku gani da idonku."

Muka shiga wani aji saboda hasken rana, aka rufe tagogi, na ɗora kwamfutar a kan teburin malami. Dattawa suka zauna a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Da farko na nuna musu garin in ba a yi komai ba: ja ya mamaye taswira. Wani tsoho ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi, ya tambayi wane ɗigo ne gidansa. Na ce ba ta san gidan kowa ba. Ya ce in haka ne in tura jan nan wajen gidan surukinsa. Aka yi dariya.

Sai na nuna na biyu, in an daina ban ruwa gaba ɗaya. Ja ya ragu. Nan take na saki na uku: ana ban ruwa yadda aka saba, amma an cike ramukan da aka haƙa don yin tubali, an gyara inda ruwa ke taruwa a gindin injin ban ruwa, ana kwana cikin gidan sauro, yara sun sha maganinsu. Jan ya ragu kusan daidai da na biyun. Aka ce in maimaita, na maimaita. Abokiyar aikina ta ɗebo ruwa a kofi daga wani ramin tubali da ke bayan makarantar, ta zagaya da shi, kowa ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil.

Da kofin ya gama zagayawa, Kawu ya matso kusa da ni. Bara war haka zazzaɓi ya ɗauke masa jikarsa, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Ya dube ni ya ce, "Da mun cike ramun ga bara, da jikata tana nan?"

Na ce, "Kawu, ban sani ba. Rai na Allah ne, na'ura ba ta da wannan sanin. Abin da take nunawa kawai, yaran da za su kwanta za su ragu."

Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa jama'a, "A bar masu magani su shigo. Gobe kowa shi hito da shebur." Da muka fito ya kama hannuna, ya ce, "Ya uwar taka? Ƙahwar tata ta yi sauƙi?"

Ba a bar mu mun tafi ba sai da muka yi azahar, muka ci tuwon gero da miyar kuka, wanda na yi wa cin rama bashin safe. Aka cusa mana buhun albasa a bayan mota.

Muka koma ta Jega muka miƙa kudu zuwa Maiyama, domin wata ma'aikaciyar jinya a can, Kirista ce da aiki ya kawo ta garin tun da daɗewa, ta kira mu tana tsoron jita-jitar za ta kama manomansu. Mun iso bayan la'asar mun tarar labari ya riga mu ta waya. Tana dariya ta ce yanzu abin da ake faɗi a tasha shi ne wai kwamfuta ta tuba. Abokiyar aikina ta so ta gyara zancen, na ce ta ƙyale, tuban ma alheri ne. Muka sha fura mai sanyi, muka sa ranar da za mu dawo mu nuna wa nasu mutanen, muka kama hanya.

Ana kiran magariba muka shiga Birnin Kebbi, kayanmu duk suna warin albasa. Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa, amma ya zauna mini: sakamakon da ya shafi tuwon mutane, a gabansu ya kamata a fara buɗe shi, da harshensu, kuma inda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Washegari da hantsi aka turo mini hoto a waya. Maza sun zagaye ramin bayan makaranta suna zuba ƙasa, Kawu yana tsakiyarsu ya naɗe hannun riga, can gefe kuma mata sun yi layi da goyonsu a gaban mai rabon magani.